Nando's, Wagamama, Pizza Express ko Dishoom: ina wanda ba ya shan giya zai sha abin da ya kai kuɗinsa?

Duk wanda ya zauna a Ingila, ɗalibi ne ko ma'aikacin asibiti ko mai zuwa hutu da iyali, ya san gidajen abincin nan masu rassa a kowane gari. Abincinsu ba ya ba da mamaki. Abin da ka ci a Leeds shi za ka ci a Coventry, kuma don haka ma ake zuwa. Inda mutanenmu ke tafka asara shi ne shafin abin sha. Mutum zai yi minti goma yana tantance irin yajin da za a sa wa kazarsa, da an tambaye shi me zai sha sai ya ce a kawo duk abin da ya samu, alhali a wannan shafin ne gidan yake cin riba mai tsoka.

Shafin kuwa ba don mu aka tsara shi ba. Giyar inabi ce a sama, fara da ja da mai kumfa, sannan giyar kwalba, sannan haɗe-haɗen barasa. Mu marasa sha sai can ƙasa, a lungu, kusa da abin shan yara. Amma yana da kyau a san yadda ake lissafin wancan sashe na sama, domin da ma'auninsa ake yanka mana farashi a ƙasa.

Kwalbar giyar inabi mililita 750 ce. Ana sayar da ita a tambulan mai 125, ko 175, ko 250, wato babban tambulan kashi ɗaya cikin uku ne na kwalba. Tun 2010 doka ta wajabta wa masu sayarwa su tanadi ƙaramin ma'aunin na 125, ko da sun rubuta shi da ƙananan haruffa a gindin takarda. A al'adar sana'ar, kwalba ana sayar da ita wajen ninki uku na yadda aka saro ta. Gidaje masu rassa kuma daga hedikwata ake saro musu, wajen dillali ɗaya ko biyu, shi ya sa jerinsu gajere ne kuma sunayen ba sa canzawa: Pinot Grigio, Sauvignon Blanc, Merlot, Malbec, Prosecco. Masu shan da suka san kan abin suna auna irin wannan jeri da tambayoyi kaɗan. Wa ya yi ta, an faɗi sunansa da yankinsa ko an ɓoye? Nawa ne a tambulan, kuma farashinsa ya yi daidai da na kwalba? Mu ma tambayoyinmu ke nan, sai ƙari ɗaya da ya fi duka nauyi a wurinmu: me ke ciki?

Nando's: yawa

Nando's ya fara a Johannesburg a 1987, ya buɗe reshen farko a Ingila a unguwar Ealing a 1992, kuma shi ne gidan da mutanenmu suka fi sabawa da shi saboda wasu rassansa kazarsu ta halal ce. Ba duka ba, don haka a duba reshen kafin a tafi. Suna sayar da giyar Fotugal da ta Afirka ta Kudu, amma ba da ita aka san su ba. An san su da tambulan ɗin da za a miƙa maka babu komai a ciki, ka je wurin inji ka cika, ka sha, ka koma.

Wannan lemo na inji ba daga kwalba yake fitowa ba. Ruwan zaƙi ne mai kauri a cikin leda, a cikin kwali, a bayan kanta. Injin yana haɗa shi da ruwa mai gas, kusan kashi ɗaya na zaƙin da kashi biyar na ruwa. Abin da gidan yake kashewa a kan kowane tambulan kaɗan ne ƙwarai, musamman idan ka fara da cika shi da ƙanƙara. Saboda haka ƙari kyauta ba sadaka ba ce. Gidan ya riga ya lissafa cewa yawancin mutane biyu za su sha, wasu uku, kuma ko ka sha biyar bai faɗi ba.

Tun ranar 1 ga Oktoban 2025 lissafin ya ɗan canza. Wata doka ta fara aiki a Ingila da ta hana manyan gidajen abinci ba da ƙarin lemo mai sukari da yawa kyauta. A Nando's abin ya faɗa a kan Coca-Cola ta asali: tambulan ɗaya za ka sha, ƙarin sai daga marasa sukari ko masu ƙarancinsa. Faransa ta riga su, ta hana irin wannan ƙari tun 2017. Dalilin da ya sa Fanta da Sprite suka fi samun sauƙi kuwa ya samo asali daga harajin sukari na Afrilun 2018, wanda ya fara da kwabon Ingila 18 a kowace lita ga abin shan da ya kai giram 5 na sukari a mililita 100, da kwabo 24 ga wanda ya kai giram 8. Kamfanoni da yawa sun rage sukarinsu zuwa ƙasa da giram 5, suka cike gurbin da sinadarin zaƙi. Coca-Cola ta asali ta tsaya a kan giram 10.6 nata. Shi ya sa wanda ya saba da Fantar gida yakan yamutsa fuska idan ya kurɓi ta Ingila, launin ma ya fi kama da ruwan lemon zaƙi, ɗanɗanon kuma akwai wani abu da ke maƙalewa a bayan harshe.

To, ya kai kuɗinsa? Idan yajin ya yi maka yawa kuma kai mai shan marar sukari ne, ƙwarai. A gidajen nan huɗu, ba inda za ka sami lemo mai yawa a kan fam ɗaya kamar nan. Idan kuwa Coca-Cola ta asali kake so, yanzu kana biyan kuɗin abin da ba shi da iyaka kana shan tambulan ɗaya. Abu ɗaya a jerin Nando's da yake nasu ne na kansu shi ne Rubro, shayi mai sanyi da ake yi da ganyen rooibos na yankin Cederberg a Afirka ta Kudu. Ganyen ba shi da sinadarin hana barci, kuma ya fi dacewa da kaza mai yaji fiye da lemo mai gas. Ƙarami ne, ba a ƙari, amma aƙalla ba abin da za ka tarar a kowane kanti ba ne.

Wagamama: abin da aka matse a gabanka

Alan Yau ne ya buɗe Wagamama a Bloomsbury a 1992, da dogayen tebura da bencina da ake zama tare da baƙi. Mai hidima zai zo ya ɗauki odarka, ya rubuta lambobi da biro a kan takardar da ke gabanka, abinci kuma ya riƙa zuwa yadda ya nuna, ba tare ba. A nan ne na ga sashen marasa shan giya ya tsaya da ƙafarsa, domin ruwan 'ya'yan itatuwansu a wurin ake matsa shi. Tuffa, karas, citta, kokwamba, lemon tsami, abarba, alayyafo, haɗi iri-iri.

Gane na gaskiya ba wuya. Idan aka ajiye maka tambulan za ka ga kumfa mai kauri a sama, kuma kafin ka gama cokali goma na taliyarka ya rabu gida biyu, ruwa garau a ƙasa, tuƙa a sama, sai ka juya shi. Na tuffa yakan fara yin duhu nan da nan. Ruwan kwali ba ya yin haka, launinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, domin an dafa shi an tace. Wannan gwajin yana aiki a kowane gida, ba Wagamama kaɗai ba. Duk inda aka rubuta maka cewa sabo ne, bar shi minti biyar ka gani.

Farashinsa ya fi na lemon Nando's, kuma babu ƙari. Amma a nan kuɗinka ya tafi ne kan tuffa da karas da hannun wanda ya wanke injin, ba kan ruwa da gas ba. A duba kuma bambancin ƙarami da babba, domin sau da yawa ƙarin kuɗin babban kaɗan ne idan aka kwatanta da ƙarin abin da ke ciki. Sai dai kada a ruɗu da cewa tunda daga itace ya fito an tsira daga sukari. Hukumar lafiya ta Birtaniya tana ba da shawarar kada ruwan 'ya'yan itace ya wuce mililita 150 a rana, babban tambulan kuwa ya ninka haka. Mai ciwon sukari ya zaɓi wanda ganye da kokwamba suka fi yawa a ciki.

Abin da ya sa na ɗora Wagamama a gaba wajen daraja shi ne koren shayi. An daɗe ana ba da shi kyauta ga wanda ya sayi abinci, amma a tambaya ko har yanzu haka ne. Shayi mai zafi marar sukari a kan romo mai gishiri ya fi duk wani lemo dacewa. Mutum biyu za su iya cin abinci a nan, ɗaya ya sayi ruwan citta da tuffa, ɗaya ya tsaya kan shayi da ruwa, su tashi ba wanda ya ji an tauye shi.

Inda ake bukatar lura a gidan nan ba a tambulan yake ba, a kwano yake. Girkin Japan yana yawan amfani da mirin da sake, dukansu daga shinkafa ake yin su kuma akwai barasa a ciki, ana zuba su a miya da romo da abin dangwale. Takardar da ke nuna abubuwan da ke tayar wa mutane da rashin lafiya ba lallai ta nuna barasa ba, domin barasa ba ta cikin abubuwa 14 da doka ta wajabta a bayyana. Sai an tambaya.

Pizza Express: jerin da aka gina don wasu

Peter Boizot ya buɗe na farko a titin Wardour da ke Soho a 1965, kuma har yau gidan yana ji da kansa a matsayin wurin zama a natse, da wuƙa da cokali. Jerin abin shansa na mai shan giyar inabi ta Italiya ne da giyar kwalba ta Peroni. A wancan ɓangaren an yi tunani, an jera daga mai sauƙi zuwa mai tsada, an faɗi yankin da kowace ta fito. Namu ɓangaren kuwa kusan duka abin da aka buɗe ne daga kwalba ko gwangwani: Coca-Cola, San Pellegrino mai lemon tsami ko lemon zaƙi, da makamantansu.

Ba laifi ba ne a sayar da abin kwalba. Akwai ma fa'ida: ka ga hatimin, ka karanta abin da ke ciki, ka san mililita nawa ka saya. Matsalar ita ce kwatanci yana da sauƙi, kuma ba ya yi wa gidan daɗi. Gwangwanin da za ka saya a kantin da ke ƙofa ta gaba, a nan za ka biya ninkinsa uku ko fiye, kuma abin da aka ƙara masa tambulan ne da ƙanƙara da yankan lemon tsami. Pizza abinci ne mai gishiri da cuku, mililita 330 ba ta kai ka rabin faranti, sai ka sake saye. Iyali mai mutum biyar, kowa ya sha biyu, kuɗin abin sha ya kama hanyar kuɗin pizza biyu ko uku.

Shawarata a nan gajeriya ce. Kowa ya ɗauki abu ɗaya da yake so, sannan a nemi tulun ruwan famfo. Duk gidan da ke da lasisin sayar da giya a Ingila da Wales da Scotland, doka ta tilasta masa ba da ruwan famfo kyauta ga wanda ya nema. Lasisin giyar nan da ba ruwanmu da shi, shi ne ya ba mu wannan haƙƙi. Amma sai ka ce na famfo. Idan mai hidima ya tambaye ka mai gas ko marar gas ka zaɓi ɗaya, kwalba za a kawo, kuma za ka gan ta a lissafi.

Kayan zaƙi na Italiya kuma a yi hattara da su, a nan da kowane gida irinsa. Tiramisu sau da yawa da giyar Marsala ake jiƙa shi, kuma ba a dafa shi balle a ce ta ƙone.

Dishoom: inda aka ɗauke mu da muhimmanci

Dishoom ya fara a Covent Garden a 2010, yanzu yana da rassa da dama a Landan, da Edinburgh da Manchester da Birmingham. An kwaikwayi tsoffin gidajen shayin da 'yan gudun hijira daga Iran suka buɗe a Bombay. Wannan asali shi ne sirrin jerinsa. Gidan da aka gina a kan shayi ba ya bukatar ya ƙirƙiro wa marar shan giya wani abu na lallashi, abin shan yana nan tun fil azal.

Shayinsu a tukunya ake dafa shi da madara da citta da kayan ƙamshi, a kawo shi a ɗan ƙaramin tambulan na gilashi mai zafin da sai ka riƙe shi ta baki. Da yamma layi yakan yi tsawo a waje, kuma an san su da fitowa da shayin nan su raba wa masu jira. Akwai lassi, wato kindirmo da aka kaɗa, mai mangwaro ko mai gishiri. Mai gishirin shi ne abokin abinci mai yaji na gaske, domin abin da ke sa barkono zafi ba ya narkewa a ruwa, amma madara tana wanke shi daga harshe. Akwai soda da lemon tsami da aka matse. Akwai Thums Up da Limca, lemunan Indiya da Coca-Cola ta saye tun 1993, ga mai son ɗanɗana abin da bai saba ba. Sannan akwai sashe guda na haɗe-haɗen da babu barasa, wanda aka ba shi wurinsa a takarda kamar kowane.

Tsada fa akwai ta. A cikin gidajen nan huɗu nan ne aljihu zai fi jin jiki, kuma kuɗin hidima na kashi 12.5 cikin ɗari da ake ɗorawa a irin waɗannan gidaje yana hawa kan abin sha ma. Amma idan aka tsaya kan shayi da lassi da soda, ba a shiga haɗe-haɗen ba, farashin bai yi nisa da na gwangwani a Pizza Express ba, abin da ke cikin tambulan kuwa ba haɗi. A karanta sunan shayin da kyau kawai, domin akwai nau'in da ake zuba wa Baileys, wata barasa mai madara, kuma yana iya zama kusa da na kowa a takarda.

Biyu da zan wuce da sauri. Five Guys yana da injin Coca-Cola Freestyle mai zaɓi fiye da 100, abin burge yara, amma duka ruwan zaƙi ne da gas, namansu a Ingila ba na halal ba ne, kuma naman alade yana cikin abubuwan da ake iya markaɗawa a madararsu mai sanyi. Wetherspoon kuma mashaya ce, ko da tana sayar da abinci. Kofi da shayinta na ƙari kyauta sun fi na kowa araha, amma da yawa daga cikinmu ba za su zauna a ciki ba, ni ma ban ga dalilin matsa wa kowa ba.

Batun sifili

Yanzu kusan kowane gida yana da layi ɗaya ko biyu na giya marar barasa, kuma a nan ne ake rikita mutanenmu. Ƙa'idar gwamnatin Birtaniya ta kasa abin uku. Wanda za a kira marar barasa kada ya wuce kashi 0.05 cikin ɗari. Wanda aka cire wa barasa yana iya kai 0.5. Mai ƙarancin barasa kuma har 1.2. Ƙa'idar shawara ce, ba tilas ba, kuma abin da aka shigo da shi daga wasu ƙasashen Turai ko Amurka yana iya ɗauke da 0.5 a kira shi marar barasa. Heineken 0.0 da Peroni 0.0 suna rukunin farko. Lucky Saint 0.5 ce. Takardar gidan abinci ba kullum take rubuta lambar ba, don haka a ce a kawo kwalbar a gani.

Mafi muhimmanci shi ne yadda aka yi shi. Giyar inabi marar barasa giya ce ta sosai da aka bari ta yi tsami, daga baya aka janye barasar da inji, ko ta hanyar dumama ta a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, ko ta tacewa. Wannan daban yake da ruwan inabi mai gas da bai taɓa zama giya ba, irin Shloer, ko Appletiser na tuffa, ko su Eva da Chamdor da aka saba gani a teburin biki a gida. Malamai sun yi saɓani a kan na farkon, wasu suna duba abin da ya rage a kwalba, wasu suna duba asalinsa da kamanninsa. Ba fatawa nake bayarwa ba, kowa ya tambayi malaminsa. Ni dai ba na saye, kuma ko an ajiye batun addini gefe, lissafin kuɗin ma bai goyi bayansa ba. Abin da bai wuce kashi 1.2 ba ba a biyan harajin barasa a kansa, alhali kwalbar giyar inabi ta gaske tana ɗauke da harajin da ya kusa fam 3. Gaskiya ne cire barasa aiki ne mai cin kuɗi, amma duk da haka farashin da ake sa wa tambulan yana bin na giya ne, ba na lemo ba. Kuma da yake barasa ce ke ba giya kauri a baki, idan aka cire ta sau da yawa da sukari ake cike gurbin. Ka biya kuɗin giya, ka sha ruwan inabi mai tsami-tsami.

Haka haɗe-haɗen da ake yi wa ado da ganyen na'a-na'a. A gidan da ya san aikinsa akwai citta da aka daka da lemon da aka matse. A gidan da bai damu ba, ruwan kwali ne iri biyu da ruwan zaƙi mai launi a kan tulin ƙanƙara, kuma idan ka tsame ƙanƙarar abin da ya rage bai cika rabin tambulan ba. Tambaya ɗaya tana raba gardama: me kuke matsawa a nan? Idan mai hidima ya yi shiru yana tunani, ka sami amsa.

Akwai kuma 'yan abubuwan da ke shigowa ta bayan gida. Angostura, ɗigon ɗacin nan da ake sa wa Chapman a Najeriya, barasarsa kashi 44.7 ce cikin ɗari, kuma ana ɗiga shi a wasu haɗe-haɗen da aka ce babu barasa. Kombucha shayi ne da aka bari ya yi tsami, yana ɗauke da ɗan abin da ba a rasa ba. Lemon citta na Old Jamaica da Fever-Tree lemo ne, amma Crabbie's giya ce, Fentimans kuma da kansu suna cewa nasu yana iya kai 0.5. Cider a Ingila giyar tuffa ce, ko da wanda ya zauna a Amurka ya san sunan a kan ruwan tuffa zalla.

Wata dabara mai amfani: tun Afrilun 2022 manyan gidajen abinci a Ingila, masu ma'aikata 250 zuwa sama, dole su rubuta adadin kalori a gefen yawancin abin da suke sayarwa. Ga abin shan da babu madara a ciki, raba lambar gida huɗu, ka sami kimanin giram na sukari. Gwangwanin Coca-Cola kalori 139 ne, wato giram 35, ya riga ya haura giram 30 da ake so babba ya tsaya a kai a yini. Yi wa haɗin nan mai ganye a ka wannan lissafi, wani lokacin za ka tarar ya fi Coca-Cola.

Ranar da za a raba lissafi

Akwai wani kuɗin giya da marar sha yake biya ba tare da ya kurɓa ba. Abokan aiki sun fita cin abinci, mutum shida, huɗu suna sha, an buɗe kwalba uku. A ce kowace fam 26, fam 78 ke nan, da kuɗin hidima ya kusa 88. A ƙarshe wani ya ce a raba daidai don sauƙi. Kai da ka sha ruwan famfo ka tashi da kusan fam 15 na giyar wasu, ga nauyin aljihu ga nauyin zuciya. Na ga wata 'yar'uwa, sabuwar zuwa, ta miƙa katinta a irin wannan tebur saboda kunya, fuskarta kuwa ta gama faɗin komai. Maganin shi ne a yi magana tun kafin a zauna: ni ba na sha, zan biya nawa daban. A Ingila wannan ba abin kunya ba ne, masu tuƙi da masu juna biyu kullum suna faɗa, kuma na'urar karɓar kati tana iya cirar kowane adadi aka ce.

Tsarin gida yana taimakawa ko ya hana. A Nando's kowa yana iya yin odarsa ya biya tun farko, a kanta ko ta waya, don haka matsalar ba ta tasowa. A Wagamama kowa da kwanonsa da lambarsa, rabawa ba wuya. A Pizza Express kwalba ce ake ajiyewa a tsakiyar tebur. A Dishoom abincin ma tarayya ake yi, kowa yana sa hannu a kwanon kowa, saboda haka can ne ya fi kamata a ce a ware lissafin abin sha daban tun daga farko.

Idan da yara za a fita kuma ana son a san abin da za a kashe tun daga gida, Nando's. Idan cin rana ne na mutum ɗaya ko biyu, ana son abu mai kyau ba tare da an fasa asusu ba, Wagamama, da koren shayi da ruwan citta. Idan baƙo aka yi daga gida, ko surukai, ana son a ga an karrama su har a tambulan, Dishoom, a je da wuri ko a kama tebur kafin lokaci. Pizza Express kuwa a je don pizza, a nemi tulun ruwa tun kafin a buɗe takardar.